Ranar da Na Taka Waya da Motar Habu

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ƙanwar Habu a Utai ba, ko da na so. Ni da Habu benci ɗaya muka zauna a firamare a Wudil, tare muke sulalewa mu faɗa kogi a ƙarƙashin gada, kuma wallahi ni nake yi masa lissafi. Ina aji biyu a sakandare Babanmu ya rasu, na koma jan wayar lantarki. Shi ya wuce. Yau Dakta ne a ƙasar waje, ni kuwa "mai wuta" har gobe.

Da ya zo bikin muka zauna tabarma ɗaya kamar da. Na ce, "Kai Habu, wai me kuke yi a can ne?" Ya ce akwai wasu sinadarai da in aka matse su tsakanin lu'ulu'u biyu, matsi mai tsanani, wuta takan bi ta cikinsu ba zafi, ba asara. Zai ƙara bayani na katse shi: "Na gane, ai aikinmu ɗaya." So nake ya ga har yanzu ni ne na kan bencin nan.

Ni aka ba wa jan wuta daga janareta zuwa lasifika. Wayar siririya ce (tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba), ta fara zafi. Na ce ga dama ta samu. Na shimfiɗa ta kan dutse, na ɗora wani dutsen, na sa direban Habu ya hau kai da tayar mota. Har da shela: "Ku matso ku ga ilimin Dakta a aikace."

Liman ya karɓi makirfo ke nan sai tartsatsi, sai hayaƙi, janareta ya yi tari ya mutu. Da baki aka ɗaura auren, na baya suna ta "An ɗaura ne?"

Habu ya tsuguna kusa da ni. "Mutumina, namu fa bai kai ƙwayar gero ba, kuma sai an sanyaya shi fiye da ƙanƙara. Shi nake shirin gaya maka." Sai ya fashe da dariya har da hawaye. Rabon da in ji wannan dariyar tun muna wanka a kogi. Ya naɗe babbar rigarsa ya riƙe min waya, ina naɗa salatif.

Tun ranar, in mai ilimi yana magana ina bari ya kai aya. Amma lissafin firamare dai, ni na yi masa.