Haƙoran Akwatin Kiɗan Iya

Ba zan taɓa mantawa da agogunan da ke rataye a shagon Malam Isuhu na Faskari ba. Su na fara gani da muka shiga, kowanne da lokacin da yake nunawa, wani ya ce hantsi ne, wani ya ce la'asar ta yi. Na kafa musu ido don kada in kalli mutane (haka nake tun ina ƙarama, na fi sanin takalman baƙi a kan fuskokinsu).

Daga Daudawa muka taso a kan babur ni da Baba, ina rungume da akwatin kiɗan kakata Iya, an naɗe shi da zane. Na katako ne, a cikinsa akwai faifan ƙarfe mai huji-huji. In aka wana shi sai faifan ya riƙa juyawa yana taɓa wasu siraran haƙora masu kama da na mataji, kiɗa ya fito. Wani Bature ne ya bar wa kakanmu shi lokacin da yake masa aiki a gonar auduga, shi kuma ya kunna wa Iya ranar da ta tare. Bayan rasuwarsa Iya ta fita takaba, amma ba ta dawo daidai ba. Abinci sai an matsa mata, magana sai an tambaye ta. Abu ɗaya ta roƙa, a gyara akwatin ta ji shi yadda yake a da.

Ni ban san a da yana da wata murya daban ba. Tun kafin a haife ni wani kawunmu mai gyaran rediyo ya taɓa sa masa hannu. Ya shafe katakon da koren fenti irin na ƙofa, ya ɗura masa baƙin mai, inda haƙora suka karye kuma ya liƙa guntayen zarto da dalma. A haka na taso ina jin sa har ya tsaya cik.

Malam Isuhu ya buɗe murfin, ya yi salati a hankali, ya tambayi wanda ya yi wannan aiki. Baba ya ce ɗan'uwa ne, a bar maganar. Malam ya ce zai wanke man, ya kankare fentin, ya yanko sababbin haƙora. Sai dai kowane haƙori sai an goge shi har muryarsa ta dace da waƙar, shi kuwa bai taɓa jin ta ba. Nan take Baba ya nuna ni, ya ce ai wannan ta haddace ta tsaf, kullum tana rerawa wajen wanke-wanke. (Ashe ana ji na.)

Ranar kasuwa ce, ga dattawa biyu a kan benci suna jiran agogunansu, ga masu wucewa ta bakin ƙofa. Na so in ce na manta. Sai na tuna yadda Iya ta bi akwatin da kallo da muka fito da shi. Na ja hijabina, na rufe ido, na fara.

Na ce tunda zan yi, bari in yi ta cikakkiya. Ban bar komai ba. Inda akwatin yake yin ƙarrr, na yi da harshena. Inda yake shiru, na yi shiru. Inda yake jan murya kamar mai jin barci, na ja tawa. Da na zo wurin da yake tsayawa sai an bugi gefensa, na ɗaga hannu na bugi bencin dattawan, sannan na ci gaba. Wallahi har zuciyata na ɗauka duk cikin waƙar ne.

Da na buɗe ido, mutane sun tsaya a ƙofa. Ɗaya daga cikin dattawan ya gyara hula ya ce, "Malam Isuhu, yarinyar za ka hwara gyarawa ko akwatin?"

Aka tuntsire da dariya. Baba ya juya baya yana duba agogon da ba nasa ba, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa na ji kamar in shige akwatin a rufe murfin. Malam Isuhu ne kaɗai bai yi dariya ba.

"Ɗiyata," ya ce, "ba waƙar kika haddace ba, ciwon akwatin kika haddace. Mai shi kaɗai ta san muryarshi ta asali. Ku tahi ku tambaye ta."

Baba ya daina dariya. Ya ce ba mai yiwuwa ba ne. Shi ɗan fari ne, Iya ko sunansa ba ta faɗi, ko na mahaifinsa, balle ta rera waƙar tarewarta a gabansa.

A hanyar komawa na yi ta juya maganar Malam Isuhu a raina. Abin da na gane shi ne, mutum yana iya haddace abu har da tarinsa da ɗingishinsa, ya ɗauka ya sani, musamman irina mai kunne da yawa da ƙarancin tambaya.

Bayan la'asar na sami Iya a ɗakinta tana jan carbi. Na zauna kusa da ƙafafunta na ba ta labarin duka, har da bugun benci. Ta sa gefen mayafinta ta rufe baki, ban sani ba ko dariya ce. Na tashi na saki labule.

"Iya," na ce, "Baba ya fita, ba kowa sai ni. Don Allah ki rera mini ita yadda kika ji ta ranar farko. A hankali, ko sau ɗaya ne."