Yadda Na Kira Sunan Surukata a Talabijin

Ba zan taɓa mantawa da ƙaramar Sallar da muka yi a Kano ba, ko da zan tsufa har in riƙa neman carbi alhali yana wuyana. Har yau in na tuna sai in ji zufa ta karyo mini a gadon baya, ko da kuwa a gaban fanka nake.

Bari in fara da maigidana, Baban Ummi, don shi ne mai kyamarar. Bakano ne, sana'ar bandar kifi ta kawo shi Maiduguri, yana da rumfa a kasuwar Baga Road. Ni kuwa a unguwar Ajilari ta Maiduguri aka haife ni, a nan na girma, karatuna bai wuce firamare ba (ita ma ban ga ƙarshenta ba, kada in cika baki). Da gari ya rikice, kifi ya daina zuwa daga tafki yadda aka saba, maza suka koma zaman rumfa suna korar ƙuda. Wasu suka kama hira, wasu suka rungumi rediyo. Nawa kuwa sai ya sayo wata 'yar kyamara a hannun wani mai barin gari, ba ta fi sabulun wanka girma ba, ya shigo da ita yana murmushi kamar wanda ya sayo mota.

Na ce, "Baban Ummi, ana ta kai wa yake ta hoto?"

Ya ce, "Dokar hana fita ƙafata ta ɗaure, ba ta ɗaure mini ido ba."

Gaskiya kuma mutumin nan yana da ido. Abin da ni kullum nake tsallakewa ban gani ba, shi sai ya tsaya a kansa. Ya ɗauki hayaƙin turaren wuta yana ratsa hasken taga da safe. Ya ɗauki tsohuwar maƙwabciyarmu tana tsintar shinkafa, akuyarta na leƙen faranti ta bayan kafaɗarta. Ya ɗauki yaran layi sun fito da gudu ranar da aka sassauta doka, kamar an buɗe wa kaji akurki. In ya nuna mini a ɗan gilashin bayan kyamarar sai in ce, "Kai, wai nan gidanmu ne?" Ni kuwa in ya ce zai ɗauke ni, sai na yi wanka na naɗa laffaya na ƙame kamar hoton katin zaɓe. Ya yi ta roƙo in saki fuska, in ce a'a, haka matan kirki suke tsayawa.

Ummi ita ce 'yarmu ta fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mata, Hajiya Binta (Allah ya yafe mini, ga shi har na rubuta). Tun ranar suna bakin kowa ya koma Ummi, balle ni da kunya ta haɗar mini biyu: ta 'yar fari da ta suruka. Hajiya kuwa ba ta taɓa ganin takwararta ba. Lokacin haihuwa hanya ba ta biyuwa, ga layin waya a yanke. Ni ma rabona da ita tun biki, lokacin kaina yana cikin mayafi. Abin da nake ji kawai shi ne mace ce mai tsare gida, ba ta ɗaukar raini. Don haka da aka sa ranar tafiyarmu Kano yin Sallah, mahaifiyata ta zaunar da ni ta ce, "Kanawa ba sa duban fuska, tarbiyya suke duba. Kada ki je a ce 'yar Ajilari ba ta san kunya ba." Na ɗaure maganar nan a bakin zanina, da ita nake kwana da ita nake tashi.

Ana gobe za mu tafi, Baban Ummi ya fita haɗo kifin tsaraba. Na gwada wa Ummi rigarta ta Sallah, 'yar ja mai fulawa a wuya, na zaunar da ita a gado. Wallahi yarinyar nan ta yi kyau har na ji ba zan iya barin abin ya wuce haka ba. Ga kyamara a kan akwati. Na daɗe ina satar kallon yatsansa, na san inda yake dannawa. Akwai wani ɗan abu a sama mai juyawa kamar murfin kwalba, da wasu zane-zane a jiki, na murɗa shi don na zaci ta nan ake kunnawa. Na saita Ummi, na danna. Ban ji ƙyas ɗin da take yi a hannunsa ba, sai wani ɗan jan ɗigo da yake ta ƙiftawa. Na yi ta fama da yarinya ta kallo ni, abu ya ƙi ƙyas. Na ce to, ta san mai ita. Na mayar da ita kan akwati na ci gaba da harkata. Sai can da zan share ɗaki na ga ɗigon nan yana nan yana ƙifta mini ido, na daddanna ko'ina har ta mutu.

Daga nan tsoro ya taso mini. A shekarun nan ba a wasa da hoto a hanya, ko waya ka ɗaga kusa da shingen sojoji ka jawo wa kanka tambayoyin da ba ka da amsarsu. Na san halin mutumina, in ya ga rana ta faɗo a kan wata bishiya zai manta a wace duniya yake. Da ya kawo kwalin kifi na naɗe kyamarar a leda, na tura ta can ƙarƙashin banda, na ɗaure kwali da igiya.

Ya ce, "Maman Ummi, ko garken shanu ɗaya ba za ki bari in ɗauka ba?"

Na ce, "Sai Kano. In ka taɓa kwalin nan, ni da 'yata mun fasa."

Ya yi dariya ya ƙyale ni. Shi ya sa bai duba abin da ke cikinta ba.

Hanyar Damaturu kuwa na sha addu'a. A kowane shinge sai a sauko, a taka da ƙafa hannu a sama, Ummi a bayana, idona a kan but ɗin mota. A wani wuri soja ya sa aka kwance kwalin, warin banda ya buge shi, ya kau da kai ya ce a rufe. Ban san na riƙe numfashi ba sai da direba ya ce, "Baiwar Allah, ki shaƙi iska mana, mun wuce."

A gidan Hajiya na zama waliyyiya. Gaisuwa har ƙasa, kai a sunkuye, murya kamar ta sauro. In Ummi ta yi kuka sai in kalli bango kamar 'yar maƙwabta ce, sai Hajiya ta ce, "Ɗauke ta mana, 'yar nan," sannan in ɗauka da yatsu biyu. Sadiya, ƙanwar Baban Ummi, ta sa ni gaba da tsiya.

"Matar Yaya, wai a Barno da hannu kuke magana? Ko a shinge aka ƙwace miki bakin?"

In yi murmushi in ƙara sunkuyawa. Na ji wata baƙuwa tana ce wa Hajiya, "Kin yi dacen suruka, akwai kunya." Raina ya yi fari tas. Na ce ina ma mahaifiyata tana nan ta ji.

Washegarin Sallah bayan la'asar aka kawo wuta. Falo ya cika da matan dangi da maƙwabta, sun zo barka da Sallah, kowa da ƙullin kifinta na tsaraba a gefe. Hajiya tana ta ba su labarin yadda ba ta runtsawa saboda tunanin Maiduguri. Baban Ummi ya ce, "Hajiya, bari ki ga garin da idonki." Ni ce ma (ku ji ƙarfin hali) na raɗa wa Sadiya cewa ta ce ya nuna wanda na sa laffaya ruwan hoda. Ya jona wata waya daga kyamara zuwa talabijin, kyamarar tana ta ƙamshin banda.

Hotuna suka fara wucewa. Ga hayaƙin turare, ga tsohuwa da akuyarta, ga yara suna gudu. Wata ta ce, "Ikon Allah, ashe har yanzu ana dariya a can." Hajiya ta matso bakin kujera ta ce, "Kai ka ɗauki wannan? Da hannunka?" Na saci kallon mijina, na ji wani alfahari ya cika mini ƙirji. Ga ni nan kuma a laffaya, a ƙame. Aka ce masha Allah.

Sai hoto na gaba ya motsa.

Ummi ce a gado cikin jar riga, hoton yana rawa kamar an ɗauka a bayan jaki. Sannan wata murya ta cika falon nan, ƙatuwa, garau, ba ta sauro ba.

"Binta! Ke Binta! Kalli nan, don ubanki!"

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Muryata ce.

"Binta uwar rigima! Baki ba haƙori sai faɗan tsiya!"

(Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya, haƙoranta na gaba sun daɗe da yin sallama da ita.)

Wata mata ta toshe baki da mayafi. Sadiya ta zame daga kujera ta kife a ƙasa, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa a talabijin ban gama ba.

"Au! Binta, kashi kika yi mini a rigar Sallah? Kai, tsohuwar banza!"

Baban Ummi ya yi tsalle zai fizge waya. Hajiya ta ɗaga hannu ɗaya, ba ta ko kalle shi ba.

"Bar shi."

Ya ce, "Hajiya, ai ni na sa ta, wasa ne muke…"

"Rufe mini baki. Ina kake a ciki?"

Allah sarki, bawan Allah, ya so ya ɗauke mini. Ya koma ya tsuguna yana share zufa.

Hoton ya karkace, ya tsaya daga kan akwati yana kallon gado. Sai ga waliyyiyar Hajiya, wato ni, ta shigo da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, rabin kitso a tsefe ya miƙe sama. Na wanke yarinya, na ɗaga ta ina sumbatar cikinta, ina rawa ina juya ƙugu, ina rera mata waƙa da Kanuri, sunan nan yana fita a kowane baiti. Ana cikin haka aka ji wani dumm daga nesa, irin wanda muka saba ji, har labulen taga ya motsa. Na ga kaina na daskare, na manna Ummi a ƙirji, ina kallon ƙofa. Ta taɓe baki za ta yi kuka. Sai na ci gaba da waƙar a hankali, ina jijjiga ta, har ta saki dariya.

Ban tsaya ganin saura ba. Na miƙe da gudu, na yi tuntuɓe da ƙullin kifin wata, na faɗa ɗaki na farko da na samu. Sai da na durƙusa a bayan gado na lura ɗakin Hajiya ne. Na ce shi ke nan, gobe a sa ni a mota. Me zan ce wa mahaifiyata? A ce ba kunya kawai na rasa ba, har uban surukata na ambata a gaban baƙinta.

Na ji takun Hajiya. Ta shigo da Ummi a kafaɗa, ta zauna a bakin gado, katifa ta lotsa kusa da kaina.

"Fito, uwar Binta."

Na ce cikin kuka, "Hajiya, don girman Allah ki yafe mini. Wallahi ban san tana ɗaukar magana ba."

"Da kin sani sai ki zage ni a ɓoye ke nan?"

Na ƙara cusa kaina a jikin gado. Sai na ji gadon yana girgiza. Na ɗago a hankali, ashe dariya take, har da hawaye, bakin nan a buɗe ba ta ko rufe shi ba. Da ta lafa ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Zauna nan, 'yar nan. Tun da kuka zo nake dubanki, raina ba daɗi. Na ce yarinyar nan tsoro ya gama cinye ta, ba ta magana, ko 'yarta ba ta kallo. Na ce wa zai riƙe mini takwara a garin da ake jin irin wannan ƙara? Ashe riƙo ake mata na gaske." Ta miƙo mini Ummi. "Karɓi abarki, ki rungume ta a gabana in gani. Kunyar ta isa haka."

Na karɓa na rungume ta. Ta miƙe, har ta kai ƙofa sai ta juyo.

"Amma maganar haƙora, wannan sai mun yi shari'a."

Kafin mu bar Kano Sadiya ta san yadda ta yi ta juye abin a wayar Hajiya. Na ji labarin duk baƙuwar da ta zo sai an nuna mata, a ce ga surukata ta Barno, a kuma ƙara murya daidai wurin rigar Sallah. Har yau in Hajiya ta kira waya, ba ta sallama sai ta ce, "Tsohuwar banza ce, a ba ni takwarata."

Baban Ummi ya zaunar da ni ya koya mini ɗan abin nan mai juyawa, zane bayan zane, bai taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya. Yanzu ina ɗaukar hoto, har yana cewa na fi shi iya kama yara. Abin da na koya dai shi ne, na'urar da ba ka san aikinta ba kada ka murɗa ta. In kuwa shaiɗan ya zuga ka ka murɗa, ka ga jan ɗigo yana ƙiftawa, to ka ɗaura ɗankwali ka yi ta salati har mai ita ya dawo.