Haruffa Masu Kumatu a Sadakar Arba'in

Ba zan taɓa mantawa da ranar sadakar arba'in ɗin Malam Sani, maƙwabcinmu a unguwar Kilomita Biyar, ba. Wallahi ko yanzu na tuna sai kunya ta rufe ni.

Lokacin ban daɗe da koyon tsara katin gayyata a kwamfuta ba, ina aiki a lungun shagon wayoyin yayana a kasuwa. Sai na tsinci wani salon haruffa, manya, ɓul-ɓul, masu kumatu kamar jaririn da ya ƙoshi. Na kamu da sonsu. Katin biki da su, na suna da su, har allon mai sayar da madarar yawur da su. (Yayana ya ce in na samu dama, takardar asibiti ma da su zan rubuta.)

Da Malam ya rasu aka ɗage bikin 'yarsa Maryam. Ana gab da arba'in, matarsa Inna Hajara, wadda ta goya ni ina ƙarama, ta kira ni ta ce, "'Yata, ke za ki yi mana sanarwar. Ki fitar da mu kunya." Na ce an gama, Inna.

Na zauna na gwada siraran haruffa, na ga sun yi mini sanyi. Na ce ai tsofaffi ba sa gani sosai, gara masu kauri. (Ƙarya nake yi wa kaina, son abina ne kawai.) Na zuba masu kumatun nan, na yi musu ruwan zinariya, aka watsa a waya.

Abin da ban lissafa ba shi ne Goggo Ladi ta unguwar Miskine, ƙanwar kakar Maryam. Goggo ba ta karanta boko, Hausa ko Faransanci. Da siffa take gane kati, kuma katunan bikin da na tsara da yawa sun shiga wayarta. Tana ganin wannan ta ce alhamdulillahi, an tsayar da ranar Maryam.

Muna zaune tsakar gida, mata kowa da carbi, malamai na karatu a waje, sai ga moto, babur ɗin haya, ya tsaya. Goggo ta shigo cikin leshi mai walƙiya, da saitin kuloli a ka, ta rangaɗa guɗa tun daga zaure. Ayyiriri!

Wata ta ja ta gefe ta raɗa mata. Goggo ta sauke kulolin a hankali, ta zaro waya ta ɗaga sama. "To wace mara hankalin ce ta yi wa mutuwa rubutun biki?"

Duk aka juyo gare ni. Na ja mayafi na rufe fuska, hawaye na zuba, don na san Inna na ba wa kunya a gaban dangin mijinta.

Sai na ji hannunta a kafaɗata. Tana cikin takaba, idonta jawur, amma murmushi take yi. Ta ce, "Bar kuka. Goggo, ajiye kulolin, ai bikin na nan tafe. Ke kuma ki adana rubutun naki sai ranar."

Tun daga nan, duk katin da na tsara sai na fara tura wa Goggo, in tambaye ta, "Biki ko rasuwa?" In ta yi jim kafin ta amsa, sake shi nake yi.