Zakin da Farfesa Lawali Ya Wanke

Duk faɗin Alƙahira babu mai ido a kan azurfa irin Farfesa Lawali. Shi ya faɗa da bakinsa, mu kuwa wa ya aike mu musu? Karatun fiƙihu ya kawo shi Masar, fiƙihu ya ƙi shi, sai ya sayi gilashin ƙara girma a Wustul Balad, can tsakiyar birni, ya naɗa kansa Sarkin Azurfa. Ko cokalin cin wake ka miƙa masa, sai ya juya bayansa, ya kanne ido ɗaya, ya gaya maka sunan maƙerin da unguwarsu a Ingila. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba, don ba a taɓa bincikawa ba.

Ran nan sai ga Mahasin, wata Bahaushiyar Sudan da ke zaune a unguwar Ard al-Liwa, da butar shayi a ƙunshe cikin zane. Kakanta ya yi wa wani Bature kuku a Khartum, aka sallame shi da ita. Yanzu idon mahaifiyarta na jiran aiki, kuma wani dillali ya ce zai sayi butar da daraja saboda ɗan tambarin zaki da ke gindinta, shaidar azurfar Ingila. Gudun kada a cuce ta ne ya kawo ta wurin masani.

Farfesa ya leƙa, ya ja tsaki.

"Baiwar Allah, dauɗar shekara ɗari ce a kan zakin nan. Dillalai jahilai ne, kallo kawai suka iya. Mu ma'abota ilimi sai mun tsarkake abu kafin mu karanta shi."

Ya jawo soson ƙarfe da toka.

"Ya Ustaz, a hankali dai," in ji ta.

"Ma'alish, kada ki damu, 'yar'uwa. Daga Landan ake bugo min waya a kan irin wannan."

Ya durza, ya durza, har gumi ya jiƙa masa hula. Wutsiya ce ta fara tafiya, ƙafafu suka bi ta. Kafin Mahasin ta fizge butarta, wurin ya yi sumul kamar gindin sabuwar tasa. Wallahi ta ba ni tausayi, ko kukan ma ya ƙi zuwa.

Sarkin Azurfa ya gyara zama, ya sake kafa gilashi, ya daɗe yana nazari.

"Khalas! Jabu ce. Azurfar gaske ba ta rasa tambari. Ki gode wa Allah da kika fara biyowa ta wurina."