Rasuwar Gwaggo, Bindigar Maigadin Gona

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, tsohon maigadin gonar bakin rafi yana sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan farauta rasuwar bindigarsa ta toka, wadda gida da daji suka sani da suna Gwaggo. Ta cika ranar Litinin da hantsi, a hannunsa. Ba wanda ya san shekarunta, domin mahaifinsa ma gadonta ya yi.

Marigayiya ba mai yawan magana ba ce. Sau ɗaya take cewa daram, aladun daji su yi kwana uku ba su leƙo masara ba. Shekara arba'in ta yi tana kwana a ƙusar bayan ƙofa, sama da buhunan iri, kuma ba ta taɓa juya bakinta ga ɗan Adam ba. Da naman da ta kawo aka yaye yaran gidan duka biyar.

Lalurarta ɗaya ce tun asali: ba ta shiri da danshi. Ranta gaba ɗaya yana ga wata 'yar hular tagulla da ba ta kai ƙwayar wake ba, wadda ake kifawa a kan ƙofar albarushi, kunamar bindigar ta sare ta, wuta ta tashi. In raɓa ta shiga hular nan, Gwaggo ta zama sanda. Maigadi ya san haka kamar yunwar cikinsa. Hulunan a gwangwani yake ajiye su, naɗe da tsumma, cikin aljihun ƙirji inda ɗumin jikinsa ke kai musu. In ya kifa ɗaya, sai ya zagaye gindinta da kakin zuma, ya rufe wurin da guntuwar fata. Matarsa ta sha faɗa masa cewa da haka ya lulluɓe 'ya'yansa, da babu wanda ya taɓa yin mura a gidan.

Ciwon ajali ya shigo da daminar bana. Rufin ɗaki ya fara yoyo daidai saitin ƙusar, ya ce zai gyara. Kaki ya ƙare, ya ce sai ranar kasuwa. Kwana tara Gwaggo ta yi a rataye da ɗuri a cikinta, ruwa yana bin bango yana sauka a kafaɗarta.

Ranar Litinin maƙwabci ya aiko cewa aladu sun shiga gona. Maigadi ya saɓa ta, ya bi ta cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, karensa a gaba. A tsakiyar masara suka yi kiciɓis da babban namiji, tsakaninsu bai fi taku ashirin ba. Ya ɗana, ya ja. Gwaggo ta ce ƙyas. Ya sauya hula, ya sake ja. Ta sake cewa ƙyas. Aladen ya taso, karen ya shiga tsakani, kukan da ya yi har yau bai bar kunnen mai shi ba.

A cikin wannan ruɗewar tsufa ya yi masa aikinsa. Ya ɗauka bai ɗura ta ba ne. Ya zuba sabon albarushi da dalma a kan na da, ya danna, ya ciro hula ta uku daga ƙirjinsa, busasshiya ƙayau. A nan marigayiya ta yi maganarta ta ƙarshe. Bututun ya tsage kamar kara, ya tafi da yatsu uku na hannunsa na dama. Aladen ya wuce ko ƙwarzane babu. Karen bai kai gida ba.

Maƙerin da ya duba ta ya tabbatar babu sauran gyara. Maigadi bai ɗora wa ruwa laifi ba, bai ɗora wa rufi ba. Ya ce wa 'yarsa, wadda ta rubuta wannan sanarwa a madadinsa, ta saka cewa sau biyu Gwaggo ta gaya masa ba ta da lafiya, shi ne bai ji ba.

Ta rasu ta bar gwangwani mai huluna goma sha ɗaya, duk lafiyarsu ƙalau, ƙahon albarushi, sandar ɗuri da ta tanƙware, rabin gonar masara, da dattijo ɗaya da har yanzu yakan miƙa hannu bayan ƙofa in ya ji motsi a waje.

Ana sanar da masu sayen tsohon ƙarfe kada su wahalar da kansu. Za a naɗe ta cikin rigar ruwansa, a binne ta ranar Alhamis da safe a gefen gona, kusa da karen. An roƙi abokan farauta kada kowa ya harba don ban kwana. Za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida har la'asar. Masu zuwa su yi haƙuri, su gaishe shi da baki kawai, domin ba zai iya ba su hannu ba.