Rasuwar Rina, Wadda Aka Saya wa Takalmin da Ya Fi Ƙafarta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haƙarƙari biyu da har yau ba su daina zogi ba, Dalyop Dung na Perry Barr, Birmingham, tsohon makanikin motocin shara na council, wato hukumar birni, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motarsa ta tsere, Rina. Ta cika ranar Asabar, goma ga Satumba, 2016, da hantsi, a kwana ta huɗu ta wani filin tsere da ke rabin hanya tsakanin Birmingham da Manchester. Ta rasu tana da shekara talatin da bakwai, mai ita yana zaune a kanta.

Ga wanda Allah bai haɗa shi da marigayiya ba, irin 'yar motar nan ce da Turawa ke kira kat. Ba ta da rufi, ba ta da ƙofa, ba ta da giya, ba ta san komawa da baya ba. Tayoyinta huɗu kowacce ba ta wuce kwanon tuwo ba, injinta kuma yana nan gefen gwiwar hannun direba, ɗan ƙarami kamar na markaɗe. Tsakanin mazaunin mutum da kwalta yatsa biyu ne. Fentinta rawaya da baƙi, muryarta siririya mai shiga kunne, shi ya sa aka raɗa mata Rina.

An ƙera ta a 1979. Ta bi hannuwa da dama kafin ta yada zango a wani kulob da council ke ɗaukar nauyi a bayan masana'antu, inda ake koya wa matasa tuƙi da riƙon sifana. Dalyop yakan je can ranar Asabar ya duba musu injuna kyauta. Wata Asabar a 2008, matarsa Scholastica tana aiki a gidan kula da tsofaffi, sai ya tafi da 'yarsu tilo, Celestina, mai shekara goma sha huɗu, don kada ta wuni ita kaɗai a gida. Yarinya ta zauna cikin Rina da niyyar a ɗauke ta hoto. Sai da aka zo rufe ƙofa da yamma aka samu ta fito.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa jawo wa mai ita takardar tara ba. Ba ta taɓa cewa ya maimaita magana don ba ta gane Turancinsa ba, abin da ba zai iya faɗa game da mutane da yawa a ƙasar nan ba. A kwana kuwa babu kamarta: takan saki ƙugu ta zame gefe kaɗan, sannan ta miƙe, Celestina tana riƙe da sitiyari kamar an haife ta da shi.

Aibinta ɗaya ne, idan aibi ne. Ba ta tashi sai da mutum biyu. Ba ta da makunni, dole wani ya ɗaga bayanta, ya ruga da ita a sunkuye, ya sake ta a kwalta ya ci gaba da turawa har injin ya kama. Takan yi tari, tuf, tuf, tuf, sannan ta ce wiiiiii, ta ɓace. Shekara uku Dalyop ne mai turin. Sai a bar shi tsakiyar hanya, hannuwa a kan gwiwoyi, yana haki, yana kallon ƙeyar hular 'yarsa tana ƙanƙancewa. Yana shaida wa jama'a cewa ba a taɓa barinsa a baya ya ji daɗi irin na lokacin ba.

Daga nan shekarun tsuke bakin aljihu suka shigo. A 2011 aka yanke kuɗin kulob, aka garƙame ƙofa, aka kawo babban kwandon ƙarfe don a zuba motocin a ciki. Dalyop ya ɗaure Rina a kan rufin motarsa ya kai ta wani gareji na haya a bayan layinsu. Shekara ta zagayo, shi ma aka miƙo masa tasa takardar sallamar, mai ɗauke da godiya bisa shekara goma sha tara na aiki. A farkon 2013 Scholastica ta riga mu gidan gaskiya. Kafin ƙarshen wannan shekarar Celestina ta tafi Manchester karatun jinya, ta gama, ta samu aiki, ta kama ɗaki a Withington.

A nan mai sanarwa zai faɗi gaskiya, tunda ba a yin ƙarya a kan gawa. Scholastica ce mai magana a gidan. Da ta tafi, sai uba da 'ya suka tarar ba su da abin cewa. Yakan kira ta ranar Lahadi bayan an taso daga coci.

"Kin ci abinci?"

"Na ci, Dad."

"Akwai sanyi a can?"

"Same as Birmingham."

"To. Na canza wa Rina filogi."

"That's nice."

Shi ke nan hira ta ƙare, sai wata Lahadin. Yakan ajiye waya ya nufi gareji, ya ɗora Rina a kan tebur, ya naɗa igiya a tayar baya ya fizga, don dai ya ji muryarta. Tayoyi su yi ta juyawa a iska ba inda za su. Shekara biyar ba ta taka kwalta ba, domin ba mai turawa. Kewa ta ci shi a garejin nan, ba ya jin kunyar faɗa.

A bana ne ya ji labarin wasu dattawa masu tsofaffin motoci irin Rina, da ke haɗuwa su yi tsere a filin da aka ambata a sama. Ya duba taswira ya ga filin ya raba hanya biyu daidai tsakaninsa da 'yarsa. Ya yi mako uku yana juya maganar a baki kafin ya furta mata a waya: ta zo ta tuƙa Rina, shi ya tura.

"Okay, Dad," ta ce. "Zan yi swapping shift ɗina. Race ɗaya fa kawai."

Rashin lafiyar marigayiya ya samo asali ne daga wannan amsa. Dalyop ya shiga gyara kamar mai shirin tarbar gwamna. Ya wanke kafireto, ya sabunta sarƙa, ya sake fenti. Da ya zo kan tayoyi sai ya tsaya. Na bayan sun tsufa, sun bushe, ga su sirara: faɗinsu inci huɗu da rabi, yadda aka ƙera ta da su. A kanti kuwa ya ga na zamani, faɗin inci bakwai da ɗoriya, masu taushi, ka danna da farce su loɓa. Ya dubi na hannunsa, ya dubi waɗancan, ya ji kunya ta kama shi a madadin Rina.

Dole a yi wa mai karatu bayanin wani abu game da gidan Dung. A Bukuru, inda Dalyop ya tashi, ba a saya wa yaro takalmin Kirsimeti daidai ƙafarsa. Ana ƙara lamba biyu, a cusa tsohuwar jarida a gaba, a ce zai girma a ciki. Uban da ya sayi daidai ƙafa, ana ganinsa mara hangen nesa. Haka ubansa ya yi masa, haka shi ma ya yi wa Celestina a Birmingham: takalmin makaranta, da rigar sanyi mai haɗiye hannuwa, har da hular tseren da sai an naɗa mata ɗankwali a ciki take zama. A wurinsa, ƙari shi ne ƙauna. Wata Kirsimeti ta taɓa ce masa, "Dad, ka san ban taɓa sa takalmi size ɗina ba sai da na je Manchester?" Ya yi dariya. Sai yanzu ya tuna cewa ita ba ta yi ba.

Ya sayi manyan tayoyin, da ƙarafunansu.

Mai garejin da ke maƙwabtaka da nasa, Injiniya Falalu, Bakano mazaunin Selly Oak, ya leƙo ya same shi yana ɗaurawa. Ya tsuguna, ya karanta lambobin da ke jikin tayar, ya girgiza kai.

"Baban Celestina, wannan ba tata ba ce."

"Ai ta shiga."

"Shiga daban, dacewa daban. Ka ga lambar tsakiyar nan, ita ce faɗi. Waɗannan tsofaffin an yi su ne su riƙa zamewa a kwana, zamewar ce ke sauke musu nauyi. Ka ba ta grip irin wannan, ba za ta zame ba, duk ƙarfin zai koma cikin frame, ƙashin bayanta. Ƙarfen 1979 ne fa. Su kansu masu tseren ba lallai su bar ka ka shiga da su ba."

"Injiniya, shekara talatin ina kan mota. Ban taɓa jin babbar taya ta kashe mota ba."

"Motar shara ba."

Dalyop ya ci gaba da ɗaure noti. Yana so idan 'yarsa ta zo ta tarar ya ƙara wa Rina wani abu, ta san ba zaman banza ya yi ba duk shekarun nan.

Ranar Asabar, jajiberin tsere, ana barin kowa ya gwada motarsa. Falalu ne ya raka shi, duk da ciwon bayansa. Shi ya hana, shi ya tura, Allah Ya saka masa da alheri. Rina ta yi tarinta, tuf, tuf, tuf, ta ce wiiiiii, muryar da ba ta yi a fili ba tun 2011. Zagaye biyu Dalyop ya yi a hankali. A na uku ya taka mai.

A kwana ta huɗu ya jira ta saki ƙugu kamar yadda ta saba. Ba ta saki ba. Sababbin tayoyin suka manne wa kwalta, gefe ɗaya ya ɗaga, ta yi tsalle sau biyu. Sai ya ji ƙas a bayan kujera, ƙara 'yar ƙarama kamar an karya rake. Injin ya yi tuf sau ɗaya, bai ƙara ba. Suka gangara cikin ciyawa, shi da ita, gefen kujera ya daki haƙarƙarinsa.

Mai walda da ya duba gawar ya ce ƙashin bayanta ya tsage a wuri biyu, kuma tsatsa ta riga ta cinye bututun daga ciki, ba inda wuta za ta kama. Ya ce da siraran tayoyinta na asali da ta ƙara wasu shekaru tana lallaɓawa. Dalyop ya gode masa.

Akwai sauran laifi ɗaya. A yammacin ranar, maimakon ya kira 'yarsa ya faɗa mata abin da ya aikata, sai ya tura mata saƙo cewa an soke tseren. Ta amsa da "No worries Dad." Ba a soke komai ba, dattawa sun yi tserensu washegari cikin rana mai kyau. Lahadi uku ke nan bai kira ta ba, domin bai san me zai ce bayan tambayar abinci da sanyi ba. Wannan sanarwa ita ce abin da ya kasa faɗa a waya.

Marigayiya ta rasu ta bar injinta, wanda yake da rai amma ba shi da jikin da zai zauna. Ta bar tsofaffin tayoyinta biyu na baya, suna jingine a bango, babu wanda suka ce wa komai. Ta bar sababbi biyu da suka yi zagaye uku kacal a duniya, duk mai so ya zo ya ɗauka, mai su ba ya son ganinsu. Ta bar ƙaramin kofi na matsayi na biyu, na shekarar 2010, da hula mai ɗankwalin Scholastica a ciki. Ta bar direbarta guda, a Withington. Ta bar mai tura ta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, takwas ga Oktoba, a gareji mai lamba goma sha huɗu, bayan layin gidan mai rashi a Perry Barr. Za a buɗe ƙofa da ƙarfe sha ɗaya don ganin gawa. Injiniya Falalu zai yi taƙaitaccen jawabi, kuma ya yi alkawarin ba zai ce ai ya faɗa ba. Da ƙarfe ɗaya Baturen gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, zai zo da motarsa ya ɗauke ta. Ba a buƙatar furanni. Akwai shayi, akwai gwate, wanda Dalyop zai dafa da kansa, don haka a zo da haƙuri.

An cire sitiyarin, ba zai bi gawa ba. Tef ɗin da aka naɗe shi da shi ya lotsa a wuri biyu, daidai inda hannuwa suka saba kamawa, kuma ba hannuwan Dalyop ba ne.

An buga wannan sanarwa kwafi biyu. Ɗaya tana manne a ƙofar gareji, ɗaya an sa a ambulan zuwa Manchester. Jirgin ƙasa na safe daga can yana isowa New Street kafin goma, mai rashi zai tsaya a bakin tasha, ko an amsa masa ko ba a amsa ba. Sanyi ya fara shigowa, ya so ya tarbi mai zuwa da sabon takalmi. Ya shiga kanti har sau biyu ya fito hannu wofi, domin bai san lambar ƙafarta ba, kuma ya daina kintace. Idan ta zo, zai tambaye ta.

Sanarwa daga Dalyop Dung, a madadin iyali, wato shi.