Ranar da Na Zana wa Sa Hanya

Ba zan taɓa mantawa da san bikin ɗana Nura ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwar Asata ba za su bari ba. A da, in an kawo sa unguwarmu nan Enugu, ni ake fara kira. Na ga yadda ake jan shanu a Njamena, na gani a Kumasi, na yi ciniki da Faransanci, na yi rigima da harshen Igbo. In na yi magana, shiru ake yi.

Ana jibi biki, na tarar da 'yata Hadiza, malamar fiziks a sakandare, tana duba littattafan ɗalibai. Duk shafi kibiyoyi. Ta ce, "Baba, kowane ƙarfi kibiya ce. Tsawonta yawan ƙarfin, bakinta inda yake ja. Sai ka ɗora gindin ta biyu a bakin ta farko, ka ja layi daga mafari zuwa ƙarshe. Can abin zai nufa." (Minti biyar na yi a wannan aji, na ba kaina digiri.)

Washegari aka sauke sa a bakin layi, ana so a shigar da shi gida. Surukaina da suka zo daga Kano suna zaune a benci. Tanko mahauci ya ɗaura igiya biyu a ƙaho, ɗaya a ƙafar baya, kowace da mai riƙe ta, yadda mahauta suka gada. Na tattare babbar riga, na ɗauki gawayi na durƙusa. Kibiyar mai jan hagu, kibiyar mai jan dama, na haɗa su, layi ya miƙe sak ƙofar gida. Ta ukun ce ta ɓata min zane, don baya take kallo.

"Tanko, kwance ta ƙafar nan. Asarar ƙarfi ce."

"Alhaji, ita ce fa birkinsa."

"Ka taɓa zuwa Njamena?"

"A'a."

"To kwance."

Ya kwance. Na koma gefe, inda lissafi ya tabbatar min ko ƙuda ba zai bi ba, kusa da Mama Ngozi maƙwabciyarmu da bahonta na markaɗen tattasai. Sa ya yi taku biyu a kan layina. Na waiwayi surukai na gyara hula.

Sai ya girgiza kai. Masu igiya suka zube, ya juyo kaina. Ni da ba na tashi daga tabarma sai na dafa bango, ranar na yi gudun da ban yi ba ko a ƙuruciya, na ƙare zaune dirshan cikin baho.

"Chineke! Alhaji, na wedding stew be that!" in ji Mama Ngozi. (Miyar biki take wa kuka, ba ni take tausayi ba.)

Da Tanko ya cafke ƙafar san, Hadiza ta fito ta daɗe tana duban zanen. A gaban surukai ta ce, "Baba, zanenka ya yi kyau. Amma ina kibiyar san?"

Ashe na lissafa ƙarfin kowa, ban da mai ƙahon. Na koyi cewa kafin ka zana wa wani hanya, ka fara duba inda shi yake son ja. Tattasan kuma ya yi kwana uku yana min bita duk sanda na zauna.

Tun daga ranar, in an kawo sa Asata, Tanko ake kira. Ni kujera ake ajiye min a saman bene.